Neman Wuƙar Hagu a Minna

Zariya zuwa Kaduna

Ana kiran assalatu maigidana ya sauke ni a tashar Kwangila. Kafin ya juya babur sai da ya sake tambayata ko na tabbata maƙerin nan yana raye. Na ce masa ban tabbata ba, kuma idan ya ƙara tambaya ba zai ga tsarabar doya ba. A jakata akwai kaya kala biyu, da dambun nama, da wata tsohuwar wuƙa da na naɗe cikin ɗankwali. Saboda ita nake wannan tafiya.

Wuƙar ta mahaifina ce. Sana'ar Baba auren mangwaro: ya yanko ɗan reshe daga bishiya mai daɗin 'ya'ya, ya fere shi, ya tsaga ƙaramar bishiya ya cusa, ya ɗaure da leda har su kama juna. Rabin mangwaron unguwarmu aikin hannunsa ne. Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi. Ƙafa ta dawo, baki ya dawo, hannun dama ya ƙi. Ya gwada aiki da hagu, wuƙar ta yi ta zamewa tana yagar ɓawo, domin wuƙar aure gefe ɗaya ake wasa mata, kuma gefen na mai dama ne. Ran nan ya miƙo min ita ya ce in ba wanda zai iya. Daga nan ya koma zaman zaure, abinci sai an yi da gaske. Kwanan baya kuma ya ce da damina ta sauka a sayar da lambunsa na mangwaro, akwai mai son ya yanka shi fuloti-fuloti. Na san Baba. Ranar da aka sa gatari a lambun nan, shi aka sare.

Na sa wani maƙeri a Zariya ya yi masa ta hagu, ko kallonta bai yi ba. Duk rayuwarsa ƙirar mutum ɗaya ya yarda da ita, wani Bagwari mai suna Yohanna, abokinsa tun yana saurayi yana aikin reluwe a Minna. Ba lambar waya, ba kwatance, sunan kawai gare ni. Baba kuwa na ce masa zan je duba Yaya Talatu, 'yar wansa da ke aure a can. Ya ce in gaishe ta, bai ɗago kai ba.

Hantsi bai yi ba muka shiga Kaduna. Na sha koko da ƙosai a tasha ina jiran motar Minna ta cika. Kuɗin mota ya ninka abin da na sani, na yi mita har na gaji, ɗan kamasho ya bar ni na gama sannan ya miƙo hannu.

Kaduna zuwa Tunga

Mu huɗu aka cusa a baya, ni a tsakiya tsakanin wata mai goyo da wani dattijo mai carbi. Direbanmu Banufe ne mai surutu, kowane rami a hanya yana da labarinsa. Muka bi hanyar Abuja har Dikko, muka karya dama.

Kafin Lambata aka tsayar da mu a shingen bincike, aka ce kowa ya sauko da jakarsa. A wannan zamani, a wannan hanya, mace da wuƙa a naɗe cikin ɗankwali, me zan ce? Idan aka karɓe ta, ba ni da abin da zan nuna wa maƙerin ya gane ni. Jami'in ya kwance ɗankwalin a hankali.

"Hajiya, wannan fa?"

Na shiga bayani tun daga reluwe har zuwa asibiti. Bai bari na kai ƙarshe ba. Ya ɗaga wuƙar yana dubawa. Shekarun washi sun cinye ta, ta zama siririya kamar ganyen dalbejiya. Ya nuna wa abokin aikinsa, suka yi dariya, ya ce wannan ko kaza ba za ta tsorata ba, in mayar da kayata. Rainin ya ɓata min rai ƙwarai, amma ban taɓa jin daɗin raini irin na ranar ba. Na haɗiye, na yi godiya, na koma mota.

Daga nan hanya ta nuna mana halinta. Tireloli a jere, ƙura, ramuka, direba yana sauka gefe yana hawa. A Lambata na sayi gasasshiyar doya da manja da yaji, muka raba da mai goyo. Wajen Paiko na fara ganin doya a tsibi-tsibi bakin titi, wata ta kai cinyar mutum, mata na ɗauke da kaya a kafaɗa ba a ka ba. La'asar ta yi muka wuce Chanchaga. Na sauka a Tunga, zafin garin ya tarbe ni tun kafin Yaya Talatu.

Tunga

Yaya Talatu shagon kayan masarufi gare ta a ƙofar gida, kuma ba abin da ke wucewa a layin bai biya ta wurinta ba. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce na rame, ta sa aka daka sakwara da miyar agushi. Sai da na cinye na gaya mata abin da ya kawo ni. Ta ce Baffa dai har yanzu taurin kansa na nan, ni kuma na gado.

Ba ta san Yohanna ba, amma ta san wadda za ta sani. Ta aika aka kira wata maƙwabciyarta Bagwariya mai sayar da gawayi. Matar ta ce ai kowa ya san Yohanna maƙeri, ya bar gari da daɗewa ya koma Beji. Har na fara murna sai ta ƙara da cewa bara an yi jana'iza a gidan, ita dai ba ta je ba, ba ta san ko shi ne ko ƙaninsa ba. Da wannan na kwanta. Ba sai na gaya muku irin barcin da na yi ba.

Beji

Da sassafe na hau keke napep zuwa tasha, na shiga motar da ke bin hanyar Zungeru. Tafiyar ba nisa, gonakin doya dama da hagu, an tayar da kunya ana jiran ruwa. A Beji ban sha wuyar tambaya ba. Wani mai faci ya nuna min bayan kasuwa ya ce in bi ƙarar masaba.

Rumfa ce ta kwano, baƙa ƙirin da hayaƙi. Wani magidanci mai furfura jefi-jefi yana dukan fartanya a kan uwar maƙera. A gefe, kan benci, wani tsoho ne zaune, idanunsa sun yi fari da yana. Na yi sallama, na durƙusa na gaishe su, amma na kasa tambayar abin da ya kawo ni. Ta yaya mutum zai tambayi tsoho ko shi ne ya mutu bara? Sai kawai na kwance ɗankwali na sa masa wuƙar a hannu.

Ya shafa ƙotar, ya bi bayan ƙarfen da babban yatsa har ya tsaya kan wasu 'yan tsagu kusa da wuya. Ya daɗe a wurin.

"Wuka nan, ni na yi shi. Na Musa Dogo ne." Ya juyo da fuska inda nake. "Ya mutu?"

"Yana nan da ransa, Baba. Ni 'yarsa ce."

Ya dafe ƙirji ya sauke numfashi, ni ma na sauke nawa. Ashe shi da ya ji wuƙar a hannun baƙuwa, ya ɗauka gado aka kawo masa ya gani. Ƙaninsa ne ya rasu bara. Na yi masa ta'aziyya, ya yi min jajen Baba, muka zauna muna share ido, magidancin nan, wato ɗansa Bulus, ya ajiye masaba yana kallonmu.

Da na faɗi buƙatata, tsohon ya fara da tambayar ƙarfin hannun hagun Baba: yana ɗaukar buta cike? Yana ɓare gyaɗa? Na ce buta dai yana ɗauka, gyaɗa da kyar. Ya ce to ƙota mai kauri za a yi, hannun da bai saba ba ba ya son siririn abu. Bulus ya jawo guntun sifirin mota, ya zuba gawayin ƙirya, ya hau zuga. Tsohon ba ya gani, amma kunnensa na kan masaba. Can sai ka ji ya ce da Gwaranci a mayar wuta, ko a sassauta duka. Wajen washi, hannun Bulus ya yi ta komawa gefen da ya saba, yana tunawa yana tsaki yana juyawa. Matarsa ta kawo min dafaffiyar doya da man gyaɗa, ta shimfiɗa min tabarma a ɗakinta na yi azahar.

Rana ta karkata aka gama. Wuƙar ba ta fi tafin hannu tsawo ba in ka cire ƙota, bakinta miƙaƙƙe, ƙotar ta icen ƙirya mai santsi. Baba Yohanna ya sa aka karyo masa reshen gwaiba, ya riƙe wuƙar da hagu ya ja sau ɗaya. Ya shafa wurin yankan ya miƙo min. Sumul, ba tsinke ko ɗaya. Maganar lada kuwa ya ce in rufe bakina, dambun naman ne kawai ya yarda ya karɓa. Ya ce kada in kuskura in kai wa Musa wuƙa tsirara, in biya unguwar Sauka Kahuta a Minna wurin Malam Sani baduku, shi ke yi musu kube. Ya kuma ce in gaya wa Dogo, idan bai zo Beji da ƙafarsa ba, shi zai sa a kai shi Zariya ya ci masa mutunci.

Sauka Kahuta

Malam Sani ɗan gajere ne mai tabarau, kakansa ne ya zo daga Kano zamanin shimfiɗa layin dogo. Shagonsa warin fata, takalma da jakunkuna a rataye. Na ba shi labarin Baba kaf, ya tausaya, ya ce ya gane, kube na ɓangaren hagu zai yi. Ya nuna min yadda suke aiki. Ba a auna wuƙa da ido a ɗinka mata kube. Sai an shafe ta da mai, a naɗe ta da leda, a jiƙa fatar saniya ta yi laushi, a lulluɓe ta a jikin wuƙar ana danna kowane lungu da yatsa, a huda da basilla a ɗinke. Sannan a bar su tare a inuwa su kwana. Fatar na bushewa tana matsewa, har ta ɗauki siffar wannan wuƙa ita kaɗai. Ya ce in dawo da safe.

Na dawo da jakata a hannu, na riga na yi sallama da Yaya Talatu. Kuben ya yi kyau, ja mai duhu, ɗinkin a jere kamar haƙoran masara. Malam Sani ya miƙe tsaye don in gani da kyau, ya kifa shi baki ƙasa ya girgiza, ya sake girgizawa da ƙarfi. Wuƙar ko motsi. Ya ce wannan shi ne kube, duk badukun da wuƙa ta faɗo daga nasa, ya koma gyaran silifa. Na yaba, na zare na mayar, na yi godiya na nufi tasha raina fes.

Ina zaune a motar Kaduna, saura mutum ɗaya ta cika, na sayi lemo ina riƙe da ledar a hannun dama. Sai na cusa hagu cikin jaka don in sake jin wuƙar, irin na wanda ya yi sabon abu. Na kama ƙota na ja. Kuben ya biyo ta. Na sake ja, ya sake biyowa. Duk zarewar da na yi a shago, da wadda Malam Sani ya yi, hannu ɗaya na riƙe da kube ɗaya na ja, ba wanda ya lura. Na hango Baba a zaure, mutane na wucewa, yana cizon kube da haƙori don ya fitar da wuƙarsa. Sau ɗaya zai yi, ya ajiye ta har abada.

Na ce direba ya sauke min doyar tsarabata. Ya ce Hajiya mota ta cika fa, na ce ta cika da wani. Ya yi ta faɗa da Turancin kasuwa, ban tsaya fassara ba, na tare keke.

Malam Sani ya ji haushi, kuma bai ɓoye ba. Ya ce shi a sassauta kube ba ya cikin aikinsa. Kube mai sako-sako, mutum ya sunkuya wuƙa ta faɗo masa a ƙafa, sannan a ce wa ya ɗinka? Ni kuma gajiya da tsoro sun sa bakina ya yi kaifi.

"Malam, don Allah zauna a kan hannunka na dama. To, zare ta."

Ya dube ni ta saman tabarau, amma ya yi. Ya ja, kube ya biyo. Ya matse shi tsakanin gwiwoyi, ya zame. Ya kai shi wajen baki, sai ya tsaya, ya sauke a hankali. Ya daɗe yana kallon hannun nasa.

"Allah Ya ƙara mana lafiya," in ji shi. "Hajiya, ba ni yau."

Bai sassauta ba, sabo ya yanka. Na zauna a benci ina kallo har la'asar. Wannan karon ya sa matsin a wuyan ƙota kawai. A bakin kuben ya ninka fata mai kauri ta yi ɗan tudu, inda babban yatsa zai tokare ya tura yayin da sauran yatsu ke ja. Ya ɗinka masa maɗauri da za a zagaya a cinya sama da gwiwa, da maɓalli na ƙullin fata wanda hannu ɗaya zai iya sawa. Kowane mataki sai ya zauna kan hannun damansa ya gwada. Wani abokinsa da ya leƙo ya tambaye shi ko basir ne ya tashi, ya ce masa ya wuce ya ba mutane wuri.

Na koma Tunga da doyata. Yaya Talatu ta ce dama ta san ba a yi mata kwana biyu a tsere. Washegari da sassafe tare muka je. Ita da kanta ta ɗaure min hannun dama a baya da gyalenta, a gaban shago, masu wucewa na kallo. Na ɗaura kuben da hagu, na tokare, na ja. Wuƙar ta fito sumul. Na mayar, ta shige da 'yar ƙara, ƙwas. Malam Sani ya karɓa ya kifa ya girgiza, don kada a ce. Ba ta faɗo ba.

Komawa gida

Dawowa ba ta da labari, kuma haka nake so. A shingayen hanya ba wanda ya ce mu sauko, doyar da ke but ɗin mota suka fi kallo. Na yi gyangyaɗi daga Dikko har kusa da Kaduna. Abin da ya farkar da ni iska ce mai sanyi. Hadari ya haɗu ta gabas, baƙi wuluk, na farko a bana. Sauran fasinjoji na hamdala, ni ina roƙon ya ɗan jira ni. A Kaduna ban tsaya cin komai ba na faɗa motar Zariya.

Ban biya gidana ba. Na sami Baba a zaure kan kujerarsa, hannun dama a kan cinya. Na gaishe shi, ya tambayi Talatu da yara. Sai na ce Yohanna na Beji yana gaishe shi, kuma na faɗi saƙon yadda aka ba ni, har da cin mutuncin. Ya ɗago kai ya dube ni sosai. Na ajiye kuben a kan tabarma ta gefen hagunsa, na nuna masa maɓallin da tudun yatsa. Na shige ciki na yi la'asar, ina sallah hankalina na zaure, Allah Ya yafe min.

Da na fito, kuben na ɗaure a cinyarsa. Wuƙar na hannunsa, yana juya ta a hasken ƙofa. Ya ce in karyo masa reshe daga mangwaron tsakar gida. Na karyo, na durƙusa na riƙe masa gindin. Ya ɗora bakin wuƙar ya ja. Hannun ya yi rawa a tsakiya, yankan ya fito da ɗan tudu. Ya kai shi kusa da ido, ya shafa da yatsa.

"Bai yi ba," in ji shi.

Na kasa ɗaga kai.

"Ke, me kike jira? Karyo wani."

Kafin a kira magariba tabarmar ta cika da fere-fere, bishiyar tsakar gida ta yi sanƙo ta gefe ɗaya, yayyafi ya fara sauka a kan kwano. Na yi kuka, ban ɓoye ba, shi kuwa ya ce in daina girgiza masa reshe.

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni lafiya. Yaya Talatu, Allah Ya bar zumunci. Baba Yohanna da Bulus da mai ɗakinsa, Allah Ya saka da alheri. Malam Sani, ka yafe min kaifin baki. Mai son fuloti ya zo sau ɗaya bayan nan, aka ce masa Baba ba ya gida, yana lambu. Ni ce mai riƙe masa reshe duk safiya kafin in fita kasuwa, kuma har yau ya ce riƙona bai yi ba.